Yadda ake haɗa motar tseren touring: darasi daga garejin Schnitzer

Motar tseren touring ba wata baƙuwar halitta ba ce. Mota ce irin wadda ake sayarwa kowa ya hau, mai rufi da ƙofofi da but, aka kwance ta har ƙasa aka sake ɗaura ta don tsere. Wannan asali nata shi ne wahalar aikin. Mai ƙera motar Formula daga farar takarda yake farawa, kai kuwa bodin da kamfani ya yi don zirga-zirgar yau da kullum za a miƙa maka, da nauyinsa da rauninsa, a ce ka mai da shi abin cin gasa.

Mai son koyon wannan sana'a ya dubi Schnitzer Motorsport, ƙungiyar garin Freilassing da ke jihar Bavaria a Jamus, dab da iyakar Ostiriya. 'Yan'uwa biyu, Josef da Herbert Schnitzer, suka kafa ta a 1967, shekara ɗaya bayan Josef ya ci gasar Jamus da BMW 2000 ti da ya gyara da hannunsa. Josef ya rasu a haɗarin mota a 1978, shekarar da Harald Ertl ya ci wa ƙungiyar gasar DRM ta Jamus da BMW 320 mai turbo. Daga baya ragamar filin tsere ta koma hannun ƙanensu da suke uwa ɗaya, Charly Lamm, tare da ɗan tagwaicinsa Dieter. Direba Dieter Quester ya ɗauki kambin touring na Turai a 1983 da BMW 635 CSi. Roberto Ravaglia ya ɗauki na Turai a 1986 da 1988, na duniya a 1987, na DTM, gasar touring ta Jamus, a 1989. Motoci sun sauya, ƙa'idoji sun sauya, direbobi sun zo sun tafi, amma tsarin aikin garejin bai sauya ba, kuma shi za mu bi daki-daki.

Littafin ƙa'ida kafin sifana

Kada ka kwance ko noti ɗaya sai ka karanta ƙa'idar ajin da za ka shiga daga bango zuwa bango, ka kuma riƙe takardar amincewa da FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, ko hukumar gasar ta bai wa samfurin motarka. A cikinta aka rubuta girman kowane sashe da nauyinsa da abin da aka yi shi da shi. Dokar wannan fage a taƙaice take: abin da ba a ce ka taɓa ba, haramun ne ka taɓa shi.

A zamanin ajin Group A na FIA sai kamfani ya ƙera mota 5,000 cikin wata 12 kafin a yarda samfurin ya shiga tsere, sannan a ba shi damar fitar da wasu 500 da aka ƙara wa gyara. Don cika wannan sharaɗi BMW ta fitar da M3 na farko, mai inji silinda huɗu, lita 2.3. Amma ko wannan mota ba ta tsira daga masu duba ba. A tseren farko na gasar duniya ta 1987 a Monza ta Italiya, motocin M3 ne suka cika sahun gaba, aka soke sakamakonsu duka saboda jikinsu ya fi abin da aka halatta rashin nauyi, nasara ta koma hannun Allan Moffat da John Harvey masu Holden Commodore. A wannan shekarar dai, a Bathurst ta Ostareliya, aka soke motocin Ford Sierra na ƙungiyar Eggenberger da suka zo na ɗaya da na biyu saboda an gyara bakin ramin tayoyinsu. Da maki ɗaya tak Ravaglia ya ɗauki kambin a kan direbobin Eggenberger. Ke nan gasar duniya guda ta ƙare ne a kan awon ƙarfen da ke kewaye da taya.

Yau abin ya ɗan yi sauƙi. A ajin TCR, wanda aka fara a 2015, motar a haɗe kake sayenta daga mai ƙera ta: mai jan gaba, injin turbo da bai wuce lita 2 ba, ƙarfin doki wajen 350. Hukuma ke daidaita samfura da ƙarin nauyi da tsawon mota daga ƙasa da ƙarfin inji. Waɗannan lambobi suna sauyawa a tsakiyar kaka, don haka ka duba sanarwar ƙarshe kafin kowane tsere, kada ka dogara da ta watan jiya.

Bodi da kejin ƙarfe

In da kanka za ka haɗa, tuɓe motar sai ƙarfe zalla. Kujeru, kafet, roba mai hana ƙara da ke manne a ƙasa, duk su fita. Sannan ka auna bodin a kan teburin awo. Wanda ya taɓa yin haɗari ya karkace, ko da milimita kaɗan ne, ka rabu da shi, domin duk saitin da za ka yi daga baya a kan karkatacciyar ƙasa zai zauna.

Kamfani da ɗigon walda yake haɗa fallayen bodi. Wannan ya isa hanya, amma tayar tsere tana riƙe kwalta da ƙarfin da zai riƙa murɗa bodin a kowace kwana. Inda ƙa'ida ta yarda, ana bin gaɓoɓin da walda guntu-guntu, kamar santimita 2 zuwa 3, a bar tazara, a sake. Kada ka ja dogon layi a wuri ɗaya. Zafi zai tara, falle ya lanƙwashe. Yi nan kaɗan, koma ɗaya gefen, ka dawo bayan ya huce.

Kejin ƙarfe aiki biyu yake yi: yana tsare ran direba, yana kuma ƙara wa bodi tauri. Ƙa'idar FIA ta nemi bututun ƙarfe marar ɗinki, mai ƙarfin ja aƙalla 350 N/mm². Babbar baka ta bayan direba ta kasance mai faɗin milimita 45 da kauri 2.5, ko 50 da kauri 2.0. Sauran sassan 38 da 2.5, ko 40 da 2.0. Kowace ƙafa ta babbar baka tana zama a kan farantin ƙarfafawa mai kauri milimita 3 da faɗin da bai gaza murabba'in santimita 120 ba. Kuskuren da aka fi kamawa shi ne waldar da ba ta zagaye bututu ba, musamman can sama kusa da rufi inda hannu ba ya kaiwa. Masu duba suna zuwa da ɗan madubi da tocila don wannan wuri kawai. Dabarar ita ce a huda ƙasan mota a sauke kejin ƙasa, a gama waldar sama, a ɗaga shi, sannan a sa farantan.

Kujera da bel da tankin mai na roba duk suna da ranar ƙarewa a jikinsu. Bel shekara biyar ne. Ka rubuta ranakun a bangon gareji. Bel na kafaɗa kuma kada ya gangara baya da yawa: ga mai sa na'urar HANS ta tsare wuya, daga miƙe zuwa digiri 20 ƙasa. In ya wuce haka, lokacin karo danna kashin baya zai yi maimakon ya riƙe ƙirji.

Sikeli huɗu

Nan ake fara rarrabe gareji da gareji. Kana buƙatar sikeli huɗu, ɗaya a ƙarƙashin kowace taya, a kan daɓen da ka tabbatar da ma'aunin ruwa cewa a daidaice yake. Direba ya zauna da kayansa, ko a sa nauyi daidai nasa a kujera. Zuba man da ka saba aunawa da shi, cika tayoyi zuwa iskar da suke kaiwa in sun yi zafi, ka kwance ƙafa ɗaya ta kowace sandar hana tangaɗi. In ka manta wannan na ƙarshe, sandar za ta ɗauki wani nauyi a ɓoye, sikeli ya yi maka ƙarya.

Abin da kake nema shi ne nauyin gicciye. Haɗa gaban hagu da bayan dama, ka raba da jimillar nauyin mota. Mota mai kilo 1,200, wannan haɗi ya ba da 600, wato kashi 50 cikin ɗari. In ya ba da 630, motar za ta riƙa shan kwanar hagu daban da ta dama, direba ya dawo yana ƙorafin abin da ba za ka gane kansa ba. Gyaran yana ga mazaunin sifirin: ka ɗaga na taya ɗaya, nauyi ya ƙaru a kanta da kishiyarta ta gicciye, ya ragu a sauran biyun. Juyi ɗaya ko rabi ya isa, sai ka girgiza motar, ka gangara da ita gaba da baya don shok ya zauna, ka sake karantawa. Ka sani mazaunin sifirin ba ya mai da nauyi daga gaba zuwa baya. Wannan sai ka ɗauki abu mai nauyi ka sauya masa wuri, kamar batir ko dalmar cike nauyi, wadda ake ɗaurewa a ƙasa can inda kujerar fasinja take.

Kada ka tsaya daidai kan mafi ƙarancin nauyin da doka ta sa. Mota tana ramewa a tsere: roba ta cinye, birki ya cinye, ruwa da baƙin mai su ragu. Bar rarar kilo uku zuwa biyar, kuma ka gwada sikelinka da na masu duba tun ranar farko, don nasu ne ke yanke hukunci.

Taya, inda yawancin lokaci yake ɓuya

Duk ƙarfin inji da birki ta wurare huɗu suke isa ƙasa, kowanne bai fi tafin hannu da yawa ba. Saitin ƙafa gaba ɗaya hidima yake yi wa waɗannan wurare.

Fara da kamba, wato jinginar kan taya zuwa ciki. Motar touring doguwa ce daga ƙasa, tana kwanciya a kwana, tayar waje ta nemi hawa kan gefenta. Shi ya sa ake jinginar da ita tun tana tsaye. A mota mai jan gaba da taya marar zane, digiri 3 zuwa 4 a gaba wuri ne mai kyau na farawa, baya kuma ƙasa da haka. Amma ma'aunin zafi ne zai faɗa maka gaskiya, irin mai allura da ake sokawa cikin roba. Direba ya yi zagaye huɗu ko biyar da gudu, ya shigo ba tare da ya sassauta ba, ka soka a wuri uku: ciki, tsakiya, waje. Fara da tayar da ta fi shan aiki, ka yi sauri, don zafi yana bajewa cikin daƙiƙoƙi. Yawancin tayoyin tsere tsakanin digiri 80 da 100 na Salsiyas suke riƙe ƙasa sosai. Ciki ya fi waje zafi da wajen digiri 10, wannan daidai ne. In ya fi da 25, kamba ta yi yawa: gefen ciki zai yi ƙuraje, birki ma ya ragu domin a miƙe rabin taya ne kawai ke taka ƙasa. In waje ya fi zafi, kamba ta yi kaɗan. In tsakiya ta fi gefe biyu, iska ta yi yawa. In ta gaza su, iska ta yi kaɗan.

Iskar da ake nufi ita ce ta taya mai zafi, galibi kusa da bar (ma'aunin matsin iska) 1.8 zuwa 2.0, gwargwadon abin da kamfanin tayar ya rubuta. Don a kai nan, a sanyi ana farawa ƙasa da haka da wajen rabin bar. Kowace taya da nata lissafin, don a filin da kwanonin dama suka fi yawa, gaban hagu zai hau fiye da bayan dama nesa ba kusa ba. Akwai haɗari a nan da ya kamata direba ya sani: zagayen farko, kafin iska ta hau, gefen taya a saɓule yake. In ya hau dakalin kwana da ƙarfi a lokacin, zaren ciki ya karye, tayar ta fashe bayan zagaye goma ba wanda ya san dalili. Kuma a yi amfani da busasshiyar iska ko naitirojin. Laimar da ke cikin iskar kwampreso tana sa hawan ya zama marar tabbas.

Mai jan gaba da mai jan baya ba saiti ɗaya suke so ba. A mai jan gaba tayoyin gaba ne ke ja, su ke juyawa, su ke ɗaukar mafi yawan birki, don haka ciwonta kullum shi ne gaba ya ƙi shan kwana. Maganin da aka sani shi ne a taurara baya, da sifirin ko da sandar hana tangaɗi, har ka ga tayar baya ta ciki ta ɗaga sama a tsakiyar kwana. Ba lahani ba ne, haka ake so. Wasu kan ɗan buɗe bakin tayoyin baya waje, milimita ɗaya ko biyu, don wutsiya ta taimaka wajen juyawa. Kuɗin da ake biya shi ne tayoyin baya ba sa saurin ɗumi, kuma yawancin juyewar da ake gani a zagayen farko daga nan take. Mai jan baya ta fi raba aiki tsakanin tayoyi huɗu, ta fi tashi da kyau daga tsaye, tayoyinta sun fi kai ƙarshen tsere da rai. Shi ya sa a zamanin Super Touring, na injin lita 2 da aka kayyade wa juyi 8,500 a minti, aka ɗora wa masu jan baya ƙarin nauyi. Da wannan nauyi Schnitzer ta je Birtaniya a 1993 da BMW 318i, Joachim Winkelhock ya ci BTCC, gasar touring ta ƙasar, Steve Soper ya zo na biyu.

Birki da inji

Ruwan birki na DOT 4 ƙa'idarsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 yana sabo, amma in ya sha laima yana iya sauka zuwa 155. Na tsere yana haura 300. Duk da haka a zuƙe tsohon da ke kusa da taya bayan kowane fita, a sauya gaba ɗaya kafin tsere, daga sabuwar gwangwani. Feda ta yi laushi ta nutse, ruwa ne ya tafasa. Feda tana da tauri amma mota ba ta tsayawa, fatar birki ce ta wuce zafinta, sai a ƙara iskar sanyaya ko a sauya nau'i. In kuwa feda ta yi tsawo sau ɗaya bayan an hau dakali sannan ta dawo, faifai ne ya tura fistin baya, ka duba boris ɗin taya ko ya yi wasa. Sabuwar fata da sabon faifai ba a shiga tsere da su kai tsaye. Sai an gasa su: taka birki matsakaici sau da yawa, ana ƙara ƙarfi a hankali, sannan zagaye guda na hucewa, ba tare da an tsaya cak da ƙafa a kan feda ba.

Inji a yawancin ajin yau a rufe yake da hatimi, aikinka kiyaye shi ne. Abu biyu ke kashe shi. Na farko baƙin mai ya gudu gefe ɗaya a doguwar kwana, famfo ya zuƙi iska, shi ya sa ake sa shingaye a cikin kaskon mai, kuma ake duba layin matsin mai a kwamfuta bayan kowane fita. Na biyu lagireto ya toshe da ɓarɓashin roba da ciyawa. Raga a gaba, da hura shi daga baya duk lokacin da mota ta shigo.

Tseren awa 24

A nan sunan Schnitzer ya fi kafuwa. Ta ci Spa ta Beljiyam a 1985, 1986, 1988, 1990 da 1995. Ta ci Nürburgring ta Jamus a 1989 da 1991, sannan 2004 da 2005 da M3 GTR, inda motocinta suka zo na ɗaya da na biyu a shekarun biyu, sai 2010 da M3 GT2. A 1999 ita ta tafiyar da BMW V12 LMR da ta ci Le Mans ta Faransa a hannun Winkelhock da Pierluigi Martini da Yannick Dalmas, alhali Toyota ta fi ta gudu a zagaye ɗaya. Dogon tsere lissafi ne na mai da tsayawa da abin da bai karye ba.

Lissafin mai da awo ake fara shi. Cika tanki, ka zuƙe shi da famfon motar kanta har ya fara shaƙar iska. Abin da ya fito shi ne man da kake da shi a zahiri, ba abin da aka rubuta a jikin tanki ba. Da kilo ake aunawa, domin lita tana kumbura da zafi. Lita ɗaya ta fetur wajen kilo 0.75 ce. A ce ka sami lita 100, mota kuma tana shan 12 a zagayen Nürburgring mai kilomita 25.378. Zagaye takwas ke nan, da rarar lita huɗu. In direba ya iya rage sha zuwa lita 11 ta hanyar ɗaga ƙafa kaɗan kafin birki, tara za ta yiwu, amma da rarar lita ɗaya kacal, kuma a fili mai wannan tsawo wanda mai ya ƙare masa a daji ya gama. Irin wannan shawara tun kafin tsere ake yanke ta, a rubuce, ba da ƙarfe uku na dare ba.

Kowane sashe mai juyawa a ba shi lamba da shafi a littafi: shaf, boris, giya, kuloci, famfon mai. A rubuta kilomitar da ya yi, a cire shi in ya kai iyakarsa ko da ido yana ganinsa lafiya. Sabo fil ma ba a yarda da shi ba sai ya yi ɗan gudu a gwaji, saboda mai aibin ƙira da wuri yake nuna kansa. Tsayawar canjin taya da direba kuwa a maimaita ta a gareji har kowa ya san inda ƙafarsa za ta taka. Mutum ɗaya ne ke sallamar mota, kuma ba ya ɗaga allo sai ya ga hannun mai kowace taya a sama.

Littafin saiti da bakin direba

Duk fita a cika takarda: tsawon mota a kusurwa huɗu, sifirin, dannin shok, kamba, iska a sanyi da a zafi, zafin kwalta, lambar tayoyi da zagayen da suka yi. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Ka sauya uku mota ta gyaru, ba ka san wanne ya yi aiki ba, kuma wataƙila ɗaya daga ciki ɓarna yake yi. Tambayar direba ma da tsari: wace kwana, a shiga ne ko a tsakiya ko a fita, gaba ne ya ƙi ko baya ne ya zame. Gaba ya ƙi a shiga sau da yawa maganar birki ce ko shok, a fita kuwa ta difarenshal ce, wato giyar da ke raba ƙarfin inji ga tayoyi biyu. Sai a ɗora maganarsa a kan layukan kwamfuta a ga ko sun yarda da juna.

Wannan tarin rubutu da ɗabi'ar aiki su ne jarin da ƙungiya ke ɗauka daga aji zuwa aji. Lokacin da BMW ta koma DTM a 2012 bayan shekara ashirin ba ta ciki, da sabuwar mota, Bruno Spengler na Schnitzer ne ya ci tseren ƙarshe a Hockenheim, ya ɗauki kambin da ratar maki huɗu a kan Gary Paffett na Mercedes. Tseren ƙarshe na Charly Lamm a matsayin shugaba shi ne na Macau a 2018, Augusto Farfus ya ci masa shi da M6 GT3. Lamm ya rasu a Janairun 2019, BMW ta kawo ƙarshen haɗin gwiwar a ƙarshen 2020, ƙungiyar ta rufe bayan haka.

Bayan an sauke tutar ƙarshen tsere aiki bai ƙare ba. Kafin a wanke mota a zagaya ta da tocila, domin ƙura da ɗigon mai su ke nuna inda yoyo yake, ruwa kuwa share shaida yake yi. A mai da ita kan sikeli da ma'aunin kamba yadda ta dawo, a gwada da lambobin da ta fita da su. Duk inda suka bambanta, wani abu ya lanƙwashe ko ya saki. Sannan a kwance ƙafafu, a fesa wa hannuwan ƙafa da mazaunin boris ruwan gano tsaga, a yanka matatar baƙin mai a duba ko akwai ƙyallin ƙarfe a ciki, a ƙara kilomitar ranar a shafin kowane sashe kafin a rufe littafin.